Haƙorin Makka a Nottingham

Haƙorin da ya hana ni barci a Ingila, a Makka aka sa mini shi. A farkon 2006 ne, bayan mun sauke farali, ni da abokan tafiyata muka shiga wani ɗan shago a bayan masaukinmu muka bi layi. Da aka zo kaina, mai shagon ya leƙa bakina, ya ɗan goge fiƙata ta sama ta hagu, ya gwada kwanso biyu ko uku, ya manna wanda ya zauna. Ko rabin awa ba a yi ba na fito da zinariya a baki. Bai tambayi sunana ba, ni ma ban tambayi nasa ba. Ƙarafan da ya sa mini a baki kuwa, ban lura da inda ya ɗauko su ba, balle in san bakin wa suka fito kafin su shiga nawa. Haka duk alhazan unguwarmu suka yi, muka dawo Kano aka yi ta zuwa yi mana barka.

Shekara 18 haƙorin nan bai ce mini uffan ba, sai a Janairun 2024, ina Nottingham. 'Yata ce ta haihu, muka je ganin jariri ni da mahaifiyarta. Cikin dare na ji kamar ana buga mini ƙusa daga dasashi zuwa ƙasan ido. Na lallaɓa kicin na nemo kanumfari na danna a wurin, kamar yadda kakata ta koya mana. Ya ɗan lafa, kafin asuba ya dawo da ƙarfinsa. Da gari ya waye 'yata ta dubi kumatuna ta ce, “Baba, yau sai asibiti.” Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake kiranta, kuma idan ta yanke magana ba na ja.

Asibitin wani tsohon gidan jan bulo ne a jerin gidaje, in ba don allon da ke bakin ƙofa ba sai ka ɗauka mazaunin wani ne. Abin da ya fara tarye ni a ciki takarda ce, shafi biyu cike da tambayoyi. Ni a sanina mai ciwon haƙori bakinsa kawai zai buɗe. Nan kuwa ana so a ji ko ina da hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya, ko asma, ko farfaɗiya. Ana so a ji ko ina shan maganin tsinka jini, ko akwai maganin da jikina ba ya karɓa, ko na taɓa suma a hannun likita, ko ina shan taba. Sai na ji abin ya yi mini nauyi. Bahaushe ba ya zayyana wa baƙo cututtukansa. Ko a kan gadon asibiti ka gaida shi, “da sauƙi” zai ce, ko “lafiya lau”, kuma muna ɗaukar wannan a matsayin haƙuri da godiya ga Allah. Na ɗauki biro na bi layi ina sa alama a gurbin “a'a”, har Uwata ta dafa hannuna. “Baba, ƙwayar da kake sha kullum da safe fa? Da 'yar ƙaramar asfirin ɗin nan?” Ta karɓi takardar muka sake cikewa tun daga farko.

Likitar, wata matashiya da ba za ta girmi 'yata ba, sai da ta karanta takardar nan kaf kafin ta dubi bakina. Ta bayyana mini dalili ba tare da na tambaya ba. Allurar kashe zafin da suke yi a dasashi yawanci akwai sinadarin adirenalin a ciki, wanda kan sa zuciya ta ƙara sauri, don haka dole ta san halin da zuciyar take. Asfirin yana sa jini ya daɗe bai tsaya ba idan aka cire haƙori. Mai ciwon suga rauninsa ba ya saurin warkewa, kuma yana iya faɗuwa a kan kujera idan ya zo bai karya ba. Ina saurarenta ina tuna “a'a” ɗin da na jera. Da Uwata ba ta zo da ni ba, da na ɓoye wa matar nan abin da take bukata don ta kare ni, kuma da zuciya ɗaya zan yi hakan, ina ganin kawaici na yi. Har yanzu ina son “lafiya lau” ɗinmu a bakin ƙofa da wurin gaisuwa. Amma na gane cewa mun shiga da ita ɗakin likita, inda take iya yin ɓarna.

Na kwanta a kujera ina kallon abin da suke yi. Ita da nas ɗinta duk hannayen rigarsu gajeru ne, daga gwiwar hannu zuwa yatsu ba agogo ba awarwaro, farce a yanke. Ta wanke hannu a wani famfo da aka keɓe don wannan kaɗai, ta sa safar hannu sabuwa da takunkumi, ni ma aka ba ni tabarau don kada wani abu ya fantsamar mini a ido. Sannan nas ta ɗauko ƙarafan aiki a cikin wata jaka, gefe ɗaya takarda gefe ɗaya leda, a liƙe ruf, da kwanan wata a jiki. A gabana ta yage ta. Nan take na tuna wanzamin unguwarmu. Tun da aka yi ta wayar da kai a rediyo kan cuta mai karya garkuwar jiki, ba ya taɓa kan mutum sai ya ɓare sabuwar reza a gaban idonsa, kuma in bai yi ba za a ce masa, “Malam, canza mana.” Ashe mun san wannan ɗabi'a, mun ma iya ta. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda muke da bakin tambayar wanzami, amma da mun ga farar riga sai harshenmu ya ɗaure.

Wani abu kuma da ya sa na saki jiki shi ne ƙanshin ɗakin. Ina ta shaƙar wani abu da na sani, na kasa tuna ko mene ne, sai can na gane kanumfari ne. Na faɗa wa likitar abin da na danna a bakina da daddare, ina jiran ta yi mini faɗa. Sai ta ce ai man kanumfari na cikin haɗin da likitocin haƙori suka daɗe suna amfani da shi wurin cikon wucin gadi, domin yana kwantar da jijiya. Ta ƙara da cewa zafin kawai yake ragewa, ruɓar tana nan tana cin gabanta. Na ji daɗi ƙwarai da kakata ta sami shaida a Nottingham.

Da za a ɗauki hoton haƙorin, sai da ta rubuta dalilin ɗaukarsa a kwamfuta, saboda dokar ƙasar ta 2017 kan hasken ɗaukar hoton cikin jiki ta hana a haska mutum sai da hujjar da za a iya nunawa. Ita da nas suka ja da baya nesa da na'urar kafin ta danna. Ni sau ɗaya za a haska, su kuwa kullum suna cikinsa. Hoton ya fito a allo, ta nuna mini wani baƙin tabo a ƙarshen saiwar haƙorin. Kwanson zinariyar bai zauna daidai da dasashi ba tun farko, abinci ya yi ta shiga ta ƙasa shekara da shekaru, haƙorin ya ruɓe a ɓoye yayin da samansa ke walƙiya.

Daga nan na zaci za ta ɗauko awartaki. Sai ta jawo kujerarta kusa, ta sauke takunkumi, ta ce zaɓi na hannuna. Ana iya cire haƙorin yau, a bar giɓi ko a sa na roba daga baya. Ana iya tsaga kwanson a cire, a huda haƙorin a kwashe matacciyar jijiyar, a wanke ramin a toshe, wanda zai ɗauki zuwa biyu ko uku kuma ba kullum yake yin nasara ba. Ana kuma iya barinsa, amma ta gaya mini inda mugunyar kan bi idan aka bar ta. Kowanne ta faɗi haɗarinsa da kuɗinsa, aka buga a takarda aka miƙo mini in sa hannu. Na ce mata, “Likita, ke kika sani. Yi abin da kika ga ya dace.” A gida wannan magana girmamawa ce. Ita kuwa sai ta ce za ta faɗi wanda ta fi so in na tambaye ta, amma bakin nawa ne. Daga baya surukina, wanda ke aiki a fannin lafiya, ya ba ni asalin abin. A 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar wata mata mai suna Montgomery daga yankin Scotland, mai ciwon suga, wadda ba a gaya mata haɗarin da ke cikin haihuwar da za ta yi ba, jaririn ya maƙale ya sami naƙasa. Tun daga nan ya zama wajibi likita ya faɗi duk haɗarin da mai hankali zai so ya ji kafin ya yarda a taɓa shi.

Na zaɓi a ceci haƙorin. Amma na roƙi alfarma ɗaya, a sa ni barci gaba ɗaya har a gama, don ƙarar injin huda haƙori ba na ƙaunarta. Ta girgiza kai. A shekarun 1990 an yi ta samun mace-mace, har da na yara ƙanana, a kujerun likitocin haƙori saboda maganin barci mai nauyi. Gwamnati ta fitar da rahoto a 2000, kuma daga ƙarshen 2001 aka hana irin wannan sa barci a ko'ina sai a babban asibiti mai ɗakin kula da wanda rai ya kai masa wuya. A nan na fara lura da wani abu da ya yi ta maimaituwa har na bar garin. Duk ƙa'idar da na tambayi tushenta, sai in tarar da wani mutum a ƙarƙashinta wanda aka cutar ko ya rasa ransa. Mu muna cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Su sai da suka rubuta yawan ruwan, da lokacin shafawa, da wanda zai zo ya duba ko an shafa.

Ranar da aka fara aikin na zo da wuri, ni ne na farko. Na tarar da nas tana riƙe da bututun da ke fesa ruwa a baki, ta sake shi yana zuba a banza cikin kwatami. Idon mutumin da ya saba sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ba ya iya kallon wannan ya yi shiru. Ta ce minti biyu ake yi kowace safiya, sannan daƙiƙa 20 zuwa 30 tsakanin mara lafiya da mara lafiya. Bututun siriri ne, ruwa yana kwana a ciki, ƙwayoyin cuta suna yin kainuwa a bangonsa, har da wata mai haddasa ciwon huhu mai tsanani idan tsoho ya shaƙi feshinta.

Kafin likita ta taɓa ni, sai da suka tambayi sunana da ranar haihuwata, duk da sun san ni. Sannan ta kira haƙorin da lambarsa, nas ta duba takarda ta amsa. Sun raba baki gida huɗu, kowane gida ana ƙirgawa daga tsakiya 1 zuwa 8, nawa shi ne na 3 a sama ta hagu. Haƙori ɗaya ne tal mai zinariya a bakina, makaho ma zai lalubo shi, amma ba su tsallake ba. Ta ce cire haƙorin da ba shi ne ba kuskure ne da ke faruwa, kuma ya fi faruwa ranar da kowa ya tabbata ya sani. Aka shimfiɗa mini wani ɗan ƙyallen roba a baki, haƙorin kaɗai ya leƙo ta huda, don kada wani ɗan ƙarfe ya suɓuce ya faɗa maƙogwaro, kada kuma ruwan wankin ramin ya taɓa harshe.

Ƙarafan da ta yi ta zurawa cikin saiwar ƙanana ne kamar allurar ɗinkin hula, masu kai kala-kala. Da ta gama sai na ga an tattara su duka an jefa a wani rawayan akwati mai murfi. Sababbi ful, amfani ɗaya. Ni da na tashi a gidan da ba a yar da gwangwanin madara, abin ya tsaya mini a rai har na tambaya. Amsar ta kai mu ga shanu. Cutar haukan shanu da ta addabi Birtaniya ta tsallaka zuwa mutane, aka sanar da haka a 1996. Abin da ke jawo ta wani gurɓataccen furotin ne da ke maƙalewa a jikin ƙarfe, wanda dafawar da aka saba yi ba ta gamawa da shi. Waɗannan ƙananan ƙarafa kuwa jijiya suke taɓawa, ga su da murɗe-murɗen da ba sa wankuwa. Don haka a 2007 aka umarci likitocin haƙori su riƙa yar da su bayan mutum ɗaya. Ina kwance da roba a baki ina tunanin yadda cutar garke ta zo ta sauya aikin likitan haƙori.

Yawan tambayata ya sa a zuwa na uku manajar asibitin ta ce in zo in leƙa ɗakin wanke kayan aiki, daga bakin ƙofa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, bai fi kicin ɗin gidan haya ba, amma an tsara shi kamar hanya mai bi ɗaya. Kayan da aka yi aiki da su suna shigowa a akwati rufaffe ta wannan gefe, ba sa komawa baya. A fara wanke su a inji, a duba kowanne ƙarƙashin gilashi mai ƙara girma da fitila don a ga ko jini ko siminti ya saura, a sa a jaka a liƙe, sannan a shigar da su tukunyar tururi. Tukunyar nan ita ce zuciyar gidan. Tana rufewa gam, tururi ya matsu a ciki har zafi ya kai digiri 134, ya tsaya a haka aƙalla minti 3. Ruwan da muke tafasawa a gida a digiri 100 yake tsayawa, kuma akwai ƙwayoyin da ke shiga ɓawo su tsira daga wannan. A jikin kowace jaka akwai ɗan zane da ke sauya launi idan ta sha zafin. Jakar da ba a buɗe ba tana iya kaiwa shekara guda, in ta wuce a sake dafawa. Duk wannan yana cikin wani kundi na ma'aikatar lafiyarsu da suke kira HTM 01-05, wanda ya fito a 2009 aka sabunta shi a 2013, kuma na ji nas-nas ɗin suna ambaton lambarsa kamar sunan maƙwabci.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne takardu. Kowace safiya ana gwada tukunyar kafin a sa mata kaya, a rubuta. Kowane zagaye da ta yi, na'ura tana ajiye zafinsa da lokacinsa. Akwai littafin duba magungunan gaggawa, wato allurar adirenalin don wanda jikinsa ya yi bori, da maganin asma, da na farfaɗiya, da na wanda sugansa ya faɗi, da tukunyar iskar oksijin, da na'urar farfaɗo da zuciya, ana bin su kada wa'adinsu ya wuce. Akwai shaidar cewa kowane ma'aikaci ya yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, wanda ƙwayarsa kan yi mako guda da rai a busasshen jini. Akwai takardar kamfanin da ke kwashe shara mai haɗari. Tsohon cikon haƙori mai launin azurfa ma ba a barinsa ya bi kwata, saboda kusan rabinsa zaiba ce, irin wadda masu haƙar zinariya ke amfani da ita a Zamfara, kuma tun 2019 dole kowane asibiti ya sa matatar da ke tare ta. Hatta abin goge ƙasa launi-launi ne, ja na banɗaki, kore na kicin, rawaya na ɗakin aiki. Manajar ta ce a wurinsu akwai maganar da ake koya wa duk sabon ma'aikaci, cewa aikin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne.

Wa ake rubuta wa? Hukumomi biyu ta ambata. Ɗaya ita ce GDC, wadda aka kafa a 1956, mai riƙe da rajistar mutane. Kowane likitan haƙori yana da lamba, nas-nas ma tun 2008 dole su yi rajista, kuma kowa na iya shiga intanet ya duba ko sunan likitansa na nan. Likita sai ya cika awa 100 na ƙarin ilimi a kowace shekara biyar, nas awa 50. Ɗaya hukumar, CQC, wurin take dubawa. Tun 2011 ba a buɗe asibitin haƙori a Ingila sai da rajistarta, jami'anta suna shigowa su buɗe durowa su karanta littattafan nan, su wallafa abin da suka gani kowa ya karanta.

Na fito ina jinjina abin, amma wani sashe na zuciyata yana cewa wannan ai rashin yarda ne. A Kano idan zan ga likita, mutum nake tambaya. Wane ne mai hannu mai kyau? Ɗan gidan wa ne? Wa ya je wurinsa ya ji daɗi? Da daddare na faɗa wa surukina haka, sai ya ba ni labarin da ya faru a nan Nottingham ɗin, a unguwar Daybrook. Wani likita mai suna Desmond D'Mello ya shafe fiye da shekara 30 yana aiki a wurin, iyaye suna kawo 'ya'yansu, 'ya'yan su girma su kawo nasu. A 2014 wani ya ɗauki bidiyonsa a ɓoye ya kai wa hukuma. Aka ga yana tashi daga bakin wannan zuwa bakin wancan bai sauya safar hannu ba, bai wanke hannu ba, kayan aiki ba a tsabtace su yadda ya kamata ba. A watan Nuwamban shekarar hukumar lafiya ta NHS ta yi shelar neman mutum kusan 22,000 da suka taɓa zama a kujerarsa su zo a gwada jininsu. A 2016 GDC ta soke sunansa daga rajista.

Na daɗe ina juya labarin nan. Mutanen Daybrook irin tambayata suka yi, wane ne ya san shi, wa ya je ya ji daɗi. Kuma amsar da suka samu gaskiya ce, sun je an cire musu ciwo sun koma gida. Mai ciwon haƙori yana iya shaidar sauƙin hannu da fara'a da rangwamen kuɗi. Ba ya iya shaidar abin da ke kan ƙarfe, domin ido ba ya ganinsa, kuma ciwon hanta yakan yi shekaru kafin ya bayyana, lokacin da ba wanda zai tuna da wata kujera. Ni kaina da za a tambaye ni game da mai shagon nan na Makka, da na ce hannunsa da sauƙi. Wani abu kuma da labarin ya nuna mini shi ne cewa a lokacin dokar na nan, hukumar ma na nan, amma sai da wani mutum guda ya ga abin da bai dace ba ya ƙi yin shiru.

Ba zan ɓoye ɗaya fuskar ba. Ni baƙo ne, kuɗi na biya, kuma abin da aka caje ni in aka juya shi Naira ya haura kuɗin ragon layya mai kyau. Injin wanki da tukunya da ƙarafan da ake yarwa da ma'aikaciyar da ke zaune kan takardu, duk a cikin kuɗin nan suke. 'Yan ƙasar da suka dogara da NHS kuwa, samun likitan ma aiki ne. Binciken BBC na 2022 ya gano cewa tara cikin goma na asibitocin haƙori na NHS ba sa karɓar sabon babban mutum. Ina can a farkon Fabrairu aka nuno a talabijin ɗaruruwan mutane sun yi layi cikin sanyi a unguwar St Pauls ta Bristol, don an buɗe wani asibiti mai karɓar sababbi, har sai da 'yan sanda suka zo. An kuma ruwaito mutanen da ciwo ya isa suka cire haƙoransu da kansu a gida. Wannan ya taɓa ni fiye da komai, domin na san fuskar. Ita ce ta mutumin ƙauye da ke zaune a kan benci ranar kasuwa, gaban mai awartaki ɗaya da kwanon ruwa ɗaya. Ba don bai san asibiti ba ya zauna a nan. Duk ƙa'idodin da na gani a gidan jan bulon nan, wanda ya sami shiga ta ƙofar suke karewa.

A gida ma ba a rasa masu yin abin yadda ya kamata ba. Muna da hukumar MDCN mai rajistar likitoci da likitocin haƙori, kuma a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano akwai ƙwararrun da suka san tukunyar tururi kamar yadda waɗancan suka santa. Sai dai tukunyar tana son wuta tsayayya da ruwa tatacce, kuma wanda ke sayen man janareto kullum shi ya san nawa minti 3 ɗin nan ke ci. Amma da na zauna na rarrabe abin da na gani, da yawansa ba kuɗi yake ci ba. Tambayar mara lafiya abin da yake sha, wanke hannu, kiran sunan haƙori kafin a taɓa shi, littafi na naira ɗari biyar da ake rubuta gwajin safe. Tambayar da mara lafiya zai yi, “Don Allah an dafa wannan?”, ita ma kyauta ce, kunya ce kawai ke tsaye a gabanta, kuma ni ne na farko da ya kamata ya cire ta.

Ranar ƙarshe, bayan an toshe ramin an sa farin ciko, nas ta miƙo mini wata 'yar jaka a liƙe. Kwanson zinariyata ne a ciki, a tsage gefe ɗaya, an wanke shi an dafa, da kwanan wata a jiki. Ta ce kayana ne. Muka dawo Kano ana saura kwanaki a fara azumi. Maƙwabcina, wanda ya biya kuɗin kujerar Hajji a shekarar, ya zo yi mini sannu da zuwa, yana gaishe ni yana kallon bakina. “Alhaji, ina haƙorin?” Dama ya zo da niyyar in kwatanta masa shagon da aka sa mini. Na shiga ɗaki na ɗauko jakar na ba shi. Ya juya ta gaba da baya, ya sa babban yatsa a kan zanen da ya sauya launi, ya ce wannan fa na mene ne. Na ce ya gyara zama. Muna kan dakali ina ba shi labarin tukunyar tururi har ladan ya kira magariba.